Rantsuwar da Na Yi a Kan Mai Safa

Na daɗe ina kai-kawo a kan wannan babi. Na zuwan mahaifina Minna daga Kagara bai ɗauke ni mako biyu ba, haka ma na aurena da mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta. Wannan kuwa ya fi shekara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kunya ce ke tsayar da ni: tsoho mai furfura, wanda karatunsa bai wuce firamare ba, ya zauna yana ɓata takarda a kan kare da katun ɗin yara. Amma Usman da Rabi, ku kuka ce in rubuta rayuwata, kuma labarin da kuka sani game da karen yayarku Bilki ba cikakke ba ne. Ni na ba ku shi a guntule. Gara ku ji ragowar daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Kun san sana'ata wanki da guga ce, amma ba ku san yadda nake ɗaukar ta ba. A gidan hayarmu na Sabon Gari, igiyoyi huɗu ne a tsakar gida, kuma rabin abin da ke kansu kayan salla ne: shaddar Juma'a, jallabiya, hijabai, har darduma. Mutum zai kawo maka rigarsa, ya sa ta ya tsaya gaban Ubangiji, bai tambaye ka da wane ruwa ka ɗauraye ba. Ya yarda da kai ke nan. Wannan yardar ta hana ni sukuni shekara da shekaru. Idan kaza ta bi ta kusa da baho, sai na zubar da ruwan. Idan na yi shakkar ko sau biyu na ɗauraye ko sau uku, sai in koma farko. Mahaifiyarku Hajara takan tsaya da hannu a ƙugu ta ce:

"Malam, rigar nan fa ba za ta yi magana ran lahira ba. Ka bar ta ta huta."

Ni kuwa a raina ina ganin za ta yi.

Bilki ita ce ta fari, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Ba ta gudu, ba ta shiga ruwan sama, ba ta zuwa makaranta idan gari ya yi sanyi. Yaran gida suna langa a waje, ita tana ɗaki a kan tabarma da bargo a ƙafa. Saboda ita na sayi talabijin ta hannu da na'urar bidiyo, ni da ban taɓa son irin waɗannan abubuwa ba. Tana da shekara tara kawunta ya kawo mata kaset daga Bida, dogon fim na katun, na wasu karnuka masu magana da suka ɓace wa gidansu, suka sha wuya a hanya, suka koma. Ta kalle shi har kaset ɗin ya fara ja. Turancin cikinsa ya fi ƙarfinta, sai ta riƙa sa musu magana da Hausa, ku kuna zaune kuna sauraro da baki buɗe. Wani ta ba shi muryar liman, wani ta mai sayar da doya, wata 'yar ƙarama kuma muryar mahaifiyarku idan tana faɗa. Ba ku isa tuna wannan ba sosai. Ni ina jiyo ta daga wurin guga, ina dariya a ɓoye.

Bayan haka sai aka fara nuna ci gabansa a talabijin, guntu-guntu, kowace Asabar bayan la'asar. Karnukan nan dai ne, amma kowane mako da sabon labari. Tun ranar Alhamis Bilki ke fara addu'ar kada a ɗauke wuta. Ni kuma tun ranar nake fara tawa damuwar: shin hoton kare a cikin akwati yana hana mala'iku shiga ɗaki kamar na bango? Ban tambayi kowa ba. Na dai samo wani tsohon zane, idan zan yi nafila sai in lulluɓe talabijin ɗin da shi. Wata Asabar na shigo ɗaukar gawayi na tarar da ɗaya daga cikin karnukan an kulle shi a bayan mota ana tafiya da shi, Rabi tana kuka. Bilki ta dafa ta.

"Ke, daina. Zai dawo. Kullum suna dawowa kafin a gama. Haka kare yake."

A gidan akwai maƙwabcinmu Baba Danladi, Bagware ne, Kirista, yana da gona wajen Tagwai. Fiye da shekara goma muna ɗebo ruwa a famfo ɗaya ba mu taɓa sa-in-sa ba. Shi ke kawo wa Bilki gwaiba da ɗanyar masara. Ya sha zama a bakin ƙofarmu yana jin yadda take fassara karnukan, yana dariya har da hawaye. Ranar wata Lahadi da yamma ya dawo daga gona da kwali a bayan keke. Ya ajiye a gabanta. Kwikwiyo ne ja, ƙafafunsa huɗu farare kamar an sa masa safa. Baba Danladi Hausarsa ta 'yan gari ce, ba ya raba mace da namiji.

"Malam Idi, yarinya ya gaji da na akwati. Ga na gaske. Na ba shi."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fuskar Bilki. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin jini ya hau kumatunta haka ba. Na rufe bakina. Nan take ta raɗa masa Mai Safa.

Na kafa sharuɗɗa. Ba zai shiga ɗaki ba, ba zai matso igiya ba, kwanonsa daban, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Bilki ta karɓa duka. Ta riƙa fitowa tsakar gida da kanta, abin da likita ya daɗe yana cewa ta yi. Tana cin tuwo don ta rage masa, a haka take cinye rabin malmala, ita da a da loma uku ke isar ta. Ranar Asabar takan zauna a bakin ƙofa, rabin jikinta a ɗaki rabi a waje, shi kuma ya kwanta a dokin ƙofa, tana nuna masa 'yan'uwansa. Wata biyar ba mu kwana asibiti ba. Na sani, don ni ke kai ta. Amma ni a watannin nan biyar ban ci abinci ya zauna mini ba. Idan ya girgiza jiki a can ƙarshen gida, sai in ga kamar feshin ya kai kan shadda. Idan na tarar da ɗigon ruwa a ƙasa, sai in tsaya ina tunanin na famfo ne ko na bakinsa.

Na roƙi Baba Danladi ya mayar da shi gona, na ce wa Bilki ya girma, gida ya yi masa kaɗan. Ya kai shi. Ba ta yi kuka ba. Kwana biyu, da hantsi, sai ga shi a ƙofar gida, ƙafafun nan farare sun koma ja da laka, guntun igiya a wuya. Daga Tagwai ya tako. Bilki ta dube ni, ba da tsiwa ba, da irin kallon malamin da ɗalibinsa ya gane karatu.

"Baba, ai na faɗa maka."

Baba Danladi ya ce shi ba zai sake ɗaukar sa ba. "Kare ya zaɓi gida, Malam. Ka bar shi."

Abin da ya karya ni ya faru wata Alhamis. Akwai wani Alhaji, ba zan faɗi sunansa ba don ya rasu kuma ba shi da laifi, wanda ya fi shekara takwas yana kawo mini kaya, shi ya jawo mini rabin masu kawo wanki daga masallacinsu. Ya zo karɓar farar shaddarsa ta Juma'a, tana kan igiya ba ta gama bushewa ba. Muna gaisawa sai iska ta kaɗa, Mai Safa ya taso da wasa ya kama gefen rigar da baki, ya saki. Ko alama bai bari ba. Alhaji bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Malam Idi, da kayan nan nake salla fa. Tun yaushe karen nan yake gidan?"

Na ce wata shida. Na ga yana lissafin Juma'o'in da suka wuce. Ya ce in bar rigar, zai aiko. Da ya fita na sauke duk abin da ke kan igiyoyin nan huɗu, na mutum goma sha ɗaya, na wanke kowanne sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Jar ƙasar Minna ba ta fita daga farar shadda. Na lalata riga uku a ranar da hannuna. Hajara tana kallo har ta gaji.

"Yanzu wa ya ɓata kayan mutane, kai ko karen?"

Ba asarar kasuwa ce ta fi ci mini rai ba, ko da yake ita ma tana ciki, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ke kaina shi ne sallolin mutane. Na riƙa ganin kaina ran tsayuwa, ana tara mini sallar mutum goma sha ɗaya ta wata shida, ana ce mini ga abin da ka ɓata.

Ranar Litinin Hajara ta kai Bilki asibiti ganin likita na wata-wata. Ku kuna makaranta. Na ɗaura wa Mai Safa igiya, ya biyo ni yana kaɗa jela, don ya ɗauka yawo ne. Na nufi bakin tashar da ake hawa motocin Kagara, da niyyar in sami wani manomi daga wajenmu wanda birai suka dama, in ba shi. Nisan ya isa, ba zai iya takowa ba. Ban daɗe a tsaye ba wani mutum ya faka jan babur kusa da ni. Dogo ne, baƙi, babu ɗan yatsansa na ƙarshe a hannun hagu, kuma Hausarsa ba ta gado ba ce. A bayan babur ɗin akwai manyan kwanduna biyu an rufe da buhu. Ya dubi karen kafin ya dube ni.

"Na sayarwa ne?"

Na ce a'a, manomi nake nema, wanda zai riƙe shi gadin gona.

"Ai ni manomi ne. Gaba da Kagara. Biri ya gama da masarata."

Ya ɗaga Mai Safa da hannu biyu, ya jijjiga shi sama da ƙasa kamar mai auna nauyi. Na gani. Sannan wani abu ya yi ƙara a cikin kwandon hagu, 'yar siririyar ƙara, kuma buhun ya motsa. Na ji. Duk wanda ya zauna garin nan ya san akwai masu bi ƙauye-ƙauye suna tara karnuka, su kai inda ake cin su. Tambaya ɗaya ce tsakanina da sani: me ke cikin kwandon nan? Ban yi ta ba. Na ce wa zuciyata wataƙila akuya ce. Ya sa hannu aljihu zai ba ni wani abu, na ja da baya da sauri na ce Allah ya kiyaye, kuɗin kare haramun ne, kyauta na ba ka. Ku dubi wannan da kyau, 'ya'yana. Na tsaya ina tsantseni a kan 'yan kuɗin da ba su kai na sabulu ba, na kau da kai daga kwandon. Da ya ɗaga buhun dama zai sa shi, na juya baya, don kada in ga abin da zai hana ni barci. Na komo gida na wanke hannu sau bakwai.

Na gaya wa Bilki an kai shi babbar gona gaba da Kagara, inda yake korar birai. Ta tambayi ko ya fi Tagwai nisa. Na ce ya fi sosai. Ta yi lissafi da yatsu ta ce to, kwana goma. Ta ci gaba da zuba ruwa a kwanonsa kowace safiya. Kwana goma suka wuce, ta ƙara goma. Ranar Asabar ta zauna a bakin ƙofa yadda ta saba, rabi ciki rabi waje, amma ta daina sa wa karnukan murya. Usman, kai ne ka ce mata, "Yaya Bilki, me ya ce?" Ta ce, "Ban ji ba." Baba Danladi kuwa, daga lokacin gaisuwarmu ta koma ta "ina kwana" da "lafiya", har ya tashi daga gidan.

Da damina ta kankama ciwon ya tashi mata, mai tsanani. Kwana tara muna asibiti. A rana ta shida, da azahar, mahaifiyarku ta fita sayo ruwan zafi, muka rage ni da ita. Idanunta sun yi ɗorawa, ƙashin hannunta kamar tsinke. Ta riƙe mini yatsa.

"Baba, yaran gidanmu sun ce masu babur suna kai su a yanka. Ba gona ba."

Na ce yara ba su san komai ba.

"Ka ga gonar?"

Na ce mutumin ya faɗa mini da bakinsa.

"Ka ce wallahi gona aka kai shi."

Ku kun san ni. Ko a ciniki ba na rantsuwa. Bilki ma ta sani, shi ya sa ta nema. Na dubi ledar ƙarin ruwan da ke ɗiga, na dubi yarinyar, na ce:

"Wallahi gona aka kai shi."

Ta saki yatsana, ta lumshe ido. "To shi ke nan. Ya sami aiki ne, shi ya sa bai dawo ba." Ta yi barci a ranar, irin wanda ta kwana biyar ba ta yi ba. Ta warke, muka koma gida. Ta kife kwanon da kanta. Muryoyin karnukan suka dawo, har ta ƙara musu sabo, wani ja mai gadin masara wanda ba ya cikin akwatin, ita kaɗai ke ganin sa. Shekara biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa, wani tashin ciwon ne daban. Ba na cewa kare ne ya kashe ta, kwananta ne ya ƙare. Amma ta tafi tana riƙe da rantsuwata.

Bayan sadakar arba'in na je wurin limamin unguwarmu, dattijo mai karatu, na zayyana masa komai, na ce a faɗa mini kaffarar da zan yi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce:

"Malam Idi, me ya hana ka zuwa tun ranar Alhamis ɗin nan? A karatun da muka gada, duk mai rai tsarki ne, har yawunsa. Wanki bakwai na kwanon da ya sha ne, ba na riga ba. Ajiye kare a gida ba don gadi ba, wannan magana ce daban, da mun zauna mun duba ta. Amma sallar kowa ba ta ɓaci ba."

Tsakanin gidana da zaurensa bai kai tafiyar minti biyar ba. Wata shida ina wanke hannu, ban tako ba, saboda ina jin kunyar a ce Idi Mai Guga yana da kare a gida. Na tambaye shi rantsuwar fa. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya sakankance da shi, daga baya ya zama ba haka ba, babu komai a kansa. Wanda kuwa ya rantse yana cikin shakka, wannan ta fi ƙarfin ciyar da miskinai, sai tuba. Ya tambaye ni a wanne nake. Na ce na ji ƙarar kwandon. Ya ce to, ka tuba, Allah mai gafara ne, kuma ka daina tonawa. Na tuba, ina kan tuba. Dainawar ce ban iya ba. Mahaifiyarku na gaya mata shekara guda kafin ta rasu. Ta ce ita tun ranar da ta ga na wanke igiyar karen na rataye ta san ba hanyar arziki ya bi ba.

Rabi, kwanaki da na zo gidanki na tarar da yaranki suna kallon irin wannan katun a waya, na tashi na fita, kika ɗauka haramta shi nake yi. Ba haka ba ne. Ku bar su su kalla.

Yanzu ga roƙona ga duk wanda littafin nan ya shiga hannunsa, musamman mutanen Kagara da ƙauyukan da ke gaba da ita. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Mutumin dogo ne, baƙi, mai jan babur da kwanduna biyu, babu ƙaramin yatsa a hannunsa na hagu. Karen ja ne, ƙafafunsa huɗu farare, kunnensa na dama a karye, yana amsa sunan Mai Safa. Na san ko ta wace hanya ya bi, yanzu babu shi. Abin da nake son sani ɗaya ne: mutumin nan yana da gona? Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan kare a bakin masara? Wanda ya san wani abu ya bar saƙo wurin masu guga na Sabon Gari, ya ce na Idi ne, zai iso ni. Idan amsar ita ce wadda nake tsoro, kada a tausaya mini, a faɗa mini ita yadda take. Na rantse wa yarinya a kan abin da ban sani ba, ina so in san shi kafin in je in same ta.